Tagar da Muka Ciro

Gab da magariba nake sauya wa kayan ruwa. Aikina ke nan a jirgin masu bincike: duk abin da na'urar nutso ta ciro daga tsohon jirgin fasinjan da ya nutse tun zamanin kakanni, a bahon ruwan gishiri nake ajiye shi. In ya bushe, rugurgujewa yake yi.

Na karɓi aikin ne don shirun gidanmu na garin Beypore ya ishe ni. Bara teku ta tafi da yayana Shukkur, ko gawarsa ba ta maido ba. Umma ta daina barci, ni ma haka.

Ran nan taga aka ciro. Zagayayya, ta tagulla, gilashinta ko tsagewa bai yi ba.

"Niyas, shayinka zai huce," in ji tsoho Moidu mai dafa mana abinci, daga bakin ƙofa. "Kai da tarkacen nan kamar ango da amarya."

"Ina zuwa, Baba."

Na durƙusa gaban bahon. Sai ƙamshin man kwakwa, irin wanda Yaya ke shafawa a ka.

Na leƙa. Bayan gilashin ba gindin baho ba ne. Ɗaki ne, fitilu na ci.

Ƙarar cokula, can ƙasa-ƙasa. Mutane cikin tufafin dā suna cin abinci, gashinsu na lilo a hankali.

A ƙarshen teburin, Yaya. Da jar rigar da ya fita da ita.

Ya ɗago kai.

"Ƙanena, ka rame," ya ce cikin raɗa. "Buɗe. Nan ana samun barci."

Kujerar gefensa babu kowa.

Ban ji tsoro ba. Gajiya kawai na ji.

Hannuna ya shige har kafaɗa, a bahon da ruwansa bai wuce taƙi ɗaya ba. Na kama mariƙin tagar. Fuskata ta bi.

Aka fizgo ni ta wuyan riga.

Na zube ina aman ruwan gishiri. Moidu na haki a kaina.

"Ɗan banza! 'Ya'ya nawa uwarka za ta ba teku?"

Ya rufe bahon da buhu, bai leƙa ba, bai tambaye ni komai ba.

Masu binciken sun ce jirgin yana nan kwance yadda ya nutse. Ni na san bai daina ɗaukar fasinja ba.

Muna isa gaɓa na ajiye aikin. Yanzu kullum muna zaune ni da Umma, ido biyu har asuba. Ban gaya mata na gan shi ba. In ta ji can ana barci, ba ni da ƙarfin riƙe ta.