Abin da Samfefa Ta Tono

Mai fenti ya gaya wa Auta a fili cewa aiki ya yi masa yawa. In yana son a fesa wa motarsa sabon launi gobe da safe, to ya je ya goge tsohon da kansa, ya rufe gilasai da jarida, ya kawo ta a shirye. Auta kuwa mutum ne da ko ƙusa bai iya bugawa ba sai ya haɗa da yatsa, amma ya ce ba komai. Ya sayi samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge fenti, da salatif na liƙe jarida, ya koma gida bayan la'asar.

Motar kyauta ce daga yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata biyu da suka wuce Yaya ya kira shi ya danƙa masa makulli. Auta har ƙwalla ya yi, don Yaya ba ya cikin masu sakin hannu. Aibinta ɗaya ne, baƙin fenti mai kauri kamar an yaɓa da ludayi. Matar Auta na da tsohon ciki, shi kuma ya ƙudurta a farar mota zai ɗauko ta daga asibiti.

Ya shigar da motar gareji, ya lulluɓe kowane gilashi da jarida har ba a ganin ciki. Ya jiƙa samfefa a bokiti, ya durƙusa a ƙofar baya. Shaa, shaa, shaa. Baƙin ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga.

Mai fenti ya ce masa duk inda ƙarfe ya ɗan taso, nan samfefa ke fara cinyewa. Haka kuwa aka yi. Wani ɗigo ya fito fari yana ƙyalli. Sai na biyu kusa da shi. Sai na uku. Auta ya watsa ruwa ya duba da kyau.

Yatsu biyar ne da tafin hannu. Daga ciki aka turo ƙarfen.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya matsa gaba ya ci gaba da guga. Wani hannun ya fito. Sannan wani, duk a ƙofa ɗaya. Rana ta faɗi, garejin ya yi duhu-duhu. Warin fenti ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Ya tsaya. Ƙarar gugar ba ta tsaya ba.

Shaa. Shaa. Daga cikin motar take fitowa.

Ya lalubo waya da jiƙaƙƙen hannu ya kira Yaya.

"Yaya," ya ce da raɗa, "me ke cikin motar nan?"

Yaya ya ce, "Ba dai fentin ka taɓa ba?"

"Na goge."

"Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, Auta!"

Motar ta ɗan nutsa ta gefe ɗaya, kamar mai nauyi ya gyara zama a kujerar baya.

Yaya ya shiga magana da sauri. Wai bara ya ɗauki wata mata a bakin hanya da magariba, ta zauna a baya, ba ta sauka ba har yau. Wani mai magani ya tofa abu a cikin baƙin fenti aka shafe motar da shi, aka rufe matar a ciki. Amma mai maganin ya ce mai motar take bi, sai ta ga bayansa da na iyalinsa. Mafita ɗaya ce, ya bayar da motar kyauta ga jininsa, wanda zai karɓa yana murna.

"Ina da yara huɗu, Auta. Ka gane mana."

"Ni fa, Yaya? Matata fa?"

Yaya ya katse kiran.

Jaridar gilashin baya ta fara jiƙewa. Salatif ya saki, ɗas, ɗas, ɗas. Takardar ta zame ƙasa a hankali.

Goshi ya fara gani, manne da gilashi. Sai idanu, farare fat. Ba sa ƙiftawa.

Marfin ƙofar motar ya yi ƙas.

Auta ya zabura, ya yi tuntuɓe da bokiti, ya faɗi. Wani abu mai sanyi ya kama idon sawunsa. Ya yi ta salati yana shure-shure har takalmin ya fita, ya rarrafa waje, ya jawo ƙofar gareji ya danna kwaɗo. Daga ciki aka buga sau ɗaya, a hankali, ba gaggawa.

A daren ya mayar da matarsa gidan iyayenta. Shatin yatsu biyar ya yi wata guda a ƙafarsa. Amma ba shi ne ya fi ci masa rai ba. Duk lokacin da ya tuna yadda ya durƙusa yana yi wa Yaya godiya, da yadda Yaya ya dafa kansa yana murmushi, sai abinci ya ƙi wucewa.

Kwana uku bayan daren nan Yaya ya kira. Auta ya ɗauka, zuciyarsa na cewa ko haƙuri zai bayar. Yana son ya ji kalmar nan ƙwarai, ko da sau ɗaya.

"Na yi tunani," in ji Yaya, muryarsa a kwance. "A sake shafa wa motar baƙin fentin, ka kai wa Innarmu. Za ta yi murna sosai, ka san halinta. Kuma ai ta riga ta tsufa."