Tekun Da Ba Su Taɓa Zuwa Ba

Ranar da suka fara haɗuwa, ɓacewa ta yi a gabansa.

A ɗakin gwaji na sashen koyon fim ne, inda aka lulluɓe bango guda da koren yadi daga sama har ƙasa. Duk wanda aka ɗauka a gaban yadin, kwamfuta tana iya goge launin kore ta sa masa wani wuri dabam a baya. Babu wanda ya gaya mata haka, ita kuwa ta zo da koren mayafi har gwiwa. Lakcaransu ya ce ta tsaya a gwada haske da ita. Saurayin da ke gaban kwamfuta ya danna abin da zai danna, sai ga fuskarta ita kaɗai tana lilo a cikin gajimare, ba wuya ba kafaɗa.

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba, ido kawai ya zuba wa allon.

"Ki yi haƙuri, na goge ki," ya ce. "Amma abin da ya rage ɗin ma ya isa."

"Mayar da ni yadda ka same ni," ta ce, "kafin babana ya zo cigiya."

Daga ranar ya sa mata Koriya, sunan ya bi ta. Shi dama Siddabaru ake ce masa, don a kwamfutarsa mutum yana tafiya a kan ruwa ba tare da ya jiƙa takalmi ba.

Koriya 'yar mai hoto ce. A shagon babanta ta tashi, inda kyamara ta shekara arba'in a kan ƙafafunta uku, har suka yi wa siminti rami. Wataƙila shi ya sa ita ba ta iya barin kyamara ta zauna. Lakcaransu ya kafa doka cewa ɗalibi ba ya motsa kyamara sai ya ƙware. Bai faɗi yadda mutum zai ƙware a abin da aka hana shi taɓawa ba. Malamai da yawa haka suke, abin da ya ba su tsoro suna ɗalibai shi suke mayarwa doka.

Sai ta aro kujera mai taya daga ofishin sakatariya, ta zauna a kai da kyamara a ƙirji, ta ce Siddabaru ya tura ta. Suka bi baranda, suka ci karo da ƙofa sau biyu, a na uku hoton ya fito sumul kamar ana zuba mai.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Koriyata, yau na gano sana'ata. Turin kujerarki. Ba na son albashi, ba na son hutu."

Ta rubuta masa: "Mai turi da ya buga ni da ƙofa sau biyu? Sai na yi shawara."

Shawarar ba ta daɗe ba. Kafin shekarar ƙarshe kowa ya san inda aka ga kujerar nan, su biyu ne. Har da Darakta, shugaban rukuninsu, wanda shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma daɗe yana zarya shagon babanta da sunan gaisuwa.

Da kawun Siddabaru ya je neman izini, Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce a ba shi lokaci. Bayan baƙon ya tafi ya kira 'yarsa.

"Uwata, ni mai hoto ne. Abin da ke gabana nake ɗauka. Shi kuwa yaron nan, an ce aikinsa nuna abin da bai faru ba. Mutumin da ya ƙware a haka, idan ya ce yana son ki, ta ina zan san gaskiya ne?"

"Baba, aiki ne kawai."

"Aikin mutum yana bin sa gida."

Bai ce a'a ba, bai ce to ba. A haka aikinsu na gama makaranta ya riske su.

Koriya ce ta kawo dabarar. Kowa ya san ana iya sa mutum a wurin ƙarya in kyamara tana tsaye. Ita so take kyamarar ta zagaya mutanen, wurin ƙaryar ma ya juya tare da su. Lakcara ya ce wannan sai manyan kamfanoni. Ta zana hanyar kujera da alli a ƙasa. Siddabaru ya manna ƙananan alamomin salatif a jikin koren yadi, don kwamfuta ta bi su ta gane tafiyar kyamara. 'Yan wasan da suka gayyata ba su zo ba, sai su biyun suka zauna a benci, ƙawarta ta hau kujera, aka kunna fanka ta dinga kaɗa wa Koriya mayafi.

Bayan mako biyu ya kira ta ta gani. Ga su zaune a bakin teku, igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, kyamara tana zagaya su a hankali, tekun yana bin ta. Babu alamar salatif ko ɗaya. Lakcara ya kalla sau huɗu, ya cire tabarau, ya ce ai dama shi ya ƙarfafa musu gwiwa.

Kwana uku bayan haka Baba ya aika ta zo shago. Wayarsa tana kan tebur, tekun yana motsi a ciki.

"Ranar Asabar ɗin da kika ce kina makaranta, nan kika je?"

Ta yi dariya, don ta zaci yabo ne. "Baba, a cikin aji ne. Yadi ne a bayanmu."

"Ni za ki gaya wa yadi?" Ya nuna tsohon labulen shagonsa mai zanen jirgin sama, wanda dubban mutane suka tsaya a gabansa. "Tun ba a haife ki ba nake sa mutane gaban labule. Labule yana rufa asiri ne in kyamara tana tsaye. Ka matsa taku ɗaya, ya tonu. Wannan kuwa zagaya ku take yi. Ruwan nan na gaske ne, kuma kuna wurin."

Wanda bai san komai ba, ana iya yi masa bayani ya gane. Baba kuwa ya sani, sai dai saninsa ya tsaya a inda ya bar shi.

"Ki gaya masa kada kawunsa ya dawo," ya ce. "Na gama."

Tana fita ta rubuta wa Siddabaru: "Sai da ka yaɗa shi don a yaba maka? Ya isa wurin Baba. Ka ji daɗi."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi ban tura wa kowa ba. Mutum ɗaya na ba kwafi, shi ma don zai miƙa wa lakcara. Ki duba lambar da ta aiko."

Umma ce ta duba mata wayar Baba. Lambar Darakta ce, da ɗan rubutu a ƙasa: "Baba, ban so in faɗa ba, amma amana ta sa." Mutumin da yake tsaye a ɗakin ranar, shi ya ma riƙe fankar.

Ta sami Siddabaru a baranda, kunya ta hana ta kallonsa.

"Na zarge ka."

"Kin yi. Ya yi min zafi, ya wuce. Yanzu me za mu yi?"

"Mu nuna wa Baba ɗanyen hoton, kafin ka taɓa shi. Yadin da salatif ɗin da komai."

Ya dafe kai. Katin kyamarar na makaranta ne, rukuni na gaba sun karɓa sun goge. Kwafin da ke kwamfutarsa kuwa shi da kansa ya share, don wuri ya cike, kuma aiki ya yi kyau, me zai yi da ɗanye? Duk ƙoƙarinsa ya tafi ne wajen kada a bar wata shaida cewa ƙarya ce. Ya kuwa yi nasara.

"Ka cika iya aiki," ta ce. Hawaye da dariya suka zo mata tare.

"In kawo ƙawarki ta yi shaida?"

"Zai ce ƙawata ce. Baba ba ya yarda da baki, da ido yake yarda." Sai ta ɗago. "Ciro yadin nan. Ni zan aro kujera."

Baba ya ce ba za a shigo masa da tarkace shago ba. Umma ta ajiye ɗinkin da take yi.

"Malam, shekara nawa kana tsayar da mutane gaban jirgin nan? Cikinsu wa ya taɓa tashi? Har ni ka ɗauka, ka aika wa danginmu, suka yi ta tambaya ina na je. In naka sana'a ce, nasa ma a bari ya nuna."

Da safe suka zo. Siddabaru ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa a taƙaice. Aka rataya koren yadi a kan jirgin sama, aka manna salatif, Koriya ta zana alli a simintin da ta yi rarrafe a kai.

"Baba, kai za ka ɗauka," ta ce. "Don kada ka ce mun yi wani abu."

"A kan wannan kujerar? Ni?"

"Zan tura a hankali."

"In na faɗi, ku biyun ku bar garin."

Umma ta zauna a benci ta gyara ɗankwali. Baba ya rungume kyamara kamar jariri, 'yarsa ta tura. Karon farko ya runtse ido, aka ɗauko rufin shago. Karo na biyu ya yi salati. A na uku Koriya ta ji kafaɗunsa sun saki, ta ga ya karkata da kansa yana bin fuskar Umma, har ya ce, "Rage gudu a nan, hasken ya fi kyau."

Ya ƙi barin a fita da katin kyamarar. Ya ja kujera ya zauna kusa da Siddabaru tun hantsi har la'asar, yana kallon kowace alama da aka bi aka goge. Kwastoma biyu suka zo hoton fasfo, ya ce su dawo gobe.

Sannan Siddabaru ya danna. Ga Umma a bakin teku, ruwa yana juyawa a bayanta.

"Ikon Allah," Umma ta ce. "Ni da ko kogi ba na son tsallakawa."

Baba ya sa aka maimaita, aka sake. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo.

"Tsaya nan. Ina rana take?"

"Ta dama, Baba."

"Inuwar hancinta fa?"

Siddabaru ya duba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ma ta dama."

"A wace duniya rana da inuwa suke zama gefe ɗaya?" Ya zaro wayarsa, ya buɗe na farkon, ya daɗe yana kallo. Kuskuren yana nan, a fuskar 'yarsa, a fili. Ya ajiye wayar a hankali. "Kwana biyu ina kallon wannan. Da idon uba na kalla, ban kalla da idon mai hoto ba. Uwata, ki yafe min."

Koriya ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa.

Ya juya ga Siddabaru. "Lakcaranku bai gani ba?"

"Bai gani ba, Baba. Ni ma ban gani ba."

"Da ka ce min haka ake yi yanzu, da na yarda, don ban san aikinku ba. Amma ka ce ba ka gani ba." Ya gyaɗa kai. "Gobe ka zo in koya maka ajiye fitila. Jibi kawunka ya zo."

Darakta ya sake zuwa gaisuwa sau ɗaya. Baba ya tambaye shi ko fankar tana da nauyi. Bai ƙara dawowa ba.

Sun gyara inuwar kafin ranar nuna fina-finan ɗalibai. Ɗakin ya cika, da tekun ya juya aka tashi tsaye ana tafi, alƙalai suka ba su na ɗaya. A jerin sunayen ƙarshe, wurin mai kula da haske, an rubuta Baba. Yana zaune a layin gaba, ya yi kamar bai gani ba, amma sai da ya zunguri na kusa da shi.

Wata biyu bayan sakamako ya fito aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙo ya shigo wayarta: "Amaryata, yau ba abin da zan ƙara, ba abin da zan goge. Allah ya bar mu tare."

Ta rubuta: "Amin, angona. Ka zo da wuri."

Da za a tafi da ita, Baba ya kama hannunta ya sa a na mijinta, ya riƙe su duka biyu.

"Na kusa raba ku a kan abin da na zaci na sani," ya ce. "Ku kada ku yi haka a tsakaninku. In ɗaya ya ga abin da ya ɓata masa rai, ya sake dubawa kafin ya yanke. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari, ya sa ku tsufa tare."

Gida ya amsa da amin. Umma ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To sake su mana, Malam, mota tana jira."