Ranar Da Auta Ta Kasa Sunkuyawa

Hasken safiya ya ratso labule ya kwanta a kan rigar da Auta ke gogewa. Doguwa ce ta auduga mai launin sararin sama, sakakkiya har idon sawu. Da irinta take zuwa makarantar ƙananan yara inda take koyarwa, ta zauna a ƙasa, ta goya mai kuka, a tashi a gan ta tsaf kamar yanzu ta fito. Hannunta na kan dutsen guga, zuciyarta kuwa tana can cikin gidan da saurayinta ya ce zai gina musu, mai manyan tagogi, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Zanen gidaje ne aikinsa, yayyenta suka laƙaba masa Mai Gilashi.

"Da wannan buhun za ki je gaida yayarsa?"

Gwaggo ce, ƙanwar Baba, ta shigo rungume da jaka. "Matar nan ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. In ta ce a'a, zance ya mutu. Kuma an ce 'yar gayu ce ta ƙarshe."

Umma ta ce, "Ki bar ta ta je yadda take mana."

"Yadda take ɗin ne matsalar, Yaya. Kin bar yarinya tana yawo da takalmi fulat kamar nas a asibiti."

Auta ba ta iya musu da manya ba. Aka zura mata rigar Gwaggo, matsattsiya mai nauyin duwatsu, ta riƙe numfashi mutum biyu suka ja zif. Takalmi mai tsini ya ƙarasa ta.

A mota Mai Gilashi ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. "Ina kika kai mini Autata?"

"Ban yi kyau ba?"

"Kin yi sosai. Don Allah dai kada ki yi atishawa."

Falon yayar tasa, Yaya Babba, ƙamshi kawai yake, kujerun masu laushi ne, irin waɗanda mutum ke nutsewa ciki. Auta ta ɗosana a gefen hannun kujera, wuya a miƙe. Lemon da aka kawo ma taɓa baki kawai ta yi. Can sai ga 'yar Yaya, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta tako dagwai-dagwai ta tsaya gabanta, ta ɗaga hannu biyu. Zuciyar Auta ta narke. Ta yunƙura za ta sunkuya, sai ta ji ɗinkin baya ya ce ƙas – ta daskare. Da yatsu kawai ta shafa kan yarinyar. Ƙaramin bakin ya taɓe, kuka ya biyo baya. Yaya Babba ta ɗauke 'yarta, fuskarta ta rufe.

Washegari ya kira, muryarsa a dushe. "Ta ce ƙarya na yi mata da na ce kina son yara. Wai macen da ta fifita riga a kan ɗan mutum ba za ta shigo zuri'armu ba. Amma ni ko ta yarda ko..."

"Kada ka ƙarasa. Ba zan raba ka da wadda ta goye ka ba."

Ta kife kai a cinyar Umma ta yi kuka mai isarta. Gwaggo na tsaye tana cewa, "Ni na san kwalliyar ce ba ta cika ba. Da kin ƙara da sarƙar nan..."

"Ya isa haka." Umma ta shafa bayan Auta. "Ki yi haƙuri zuciyarta ta huce. Sannan ki koma da ƙafarki, a cikin kayanki."

Kwanaki suka yi ta shuɗewa. A aji, in yara sun yi barcin rana, takan tsaya a taga tana kallon gajimare, ta ga kamar gidan nan ne ke tafiya yana yi mata nisa. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta bari shi ma ya yi ba.

Wani yammaci daga makaranta ta wuce kai tsaye, sanye da riga mai launin ganye, ƙaramin mayafi, takalmi mai taushi. Yaya Babba ta buɗe ƙofa ta dube ta sama da ƙasa, da ƙyar ta amsa gaisuwa. A tsakar falo yarinyar na birgima tana rigima. Auta ba ta ma san lokacin da ta zube a kan kafet ba. Ta zura hannu a gefen rigarta ta zaro 'yar tsana ta saƙa, ta sa a yatsa tana yi mata magana da siririyar murya. Kuka ya tsaya. Yarinyar ta rarrafo ta haye cinyarta, ta kwantar da kai.

Yaya Babba ta daɗe tana kallo. "To ranar me ya hana ki?"

"Zif ne, Yaya. Rigar ta Gwaggona ce. Da na sunkuya, da a zanin gadonki za a naɗe ni a mayar gida."

Dariya ta ƙwace wa Yaya har da hawaye. Ta zauna ta tuɓe takalmanta, ga filasta a kowane diddige. "Dubi abin da gayu ya yi mini. Tsaya ma, wai aljihu ne a jikin rigar nan? Ban ga alamarsa ba."

"A cikin ɗinki na sa tela ya ɓoye shi."

"Za ki kai ni wurinsa." Ta jawo waya ta kira ƙaninta, tana kallon 'yarta da barci ya fara ɗauka. "Kai, ka gaya wa su Kawu su shirya zuwa neman aure. Kuma ka yafe mini, gaskiya ka faɗa."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye masu sanyi na sauka a kan murmushinta.

Haƙurinta ya biya ta. Ado abu ne mai kyau, 'yan'uwa, amma duk kayan da za su hana hannunki kaiwa ga wanda ke buƙatarki sun ɓoye mafi kyawun abin da kike da shi.