Kujerar da Aka Bar wa Lenlen

Ranar da Jovelyn, ma'aikaciyar sinima, ta fara ganin Arnel, allon ƙofar sinima ya nuna tikiti ya ƙare. Amma da ta haska tocilarta cikin zauren, mutum ɗaya ta tarar a layin ƙarshe, hannunsa duk baƙin man babur.

Fim ne a kan safarar yara, kuma a unguwarsu da ke birnin Cebu ya zama tutar siyasa. Jam'iyyar babanta, Noy Doro shugaban unguwa, tana sayen tikiti tana rabawa, ko an zo ko ba a zo ba, don a ce ya fi kowane fim kasuwa. 'Yan adawa kuwa cewa suke yi farfaganda ce.

An kunna fitilu, bai tashi ba.

"An tashi fa, saurayi. Ko haya ka kama?"

"Ba haka ake yi ba," ya ce a hankali, yana nuna allon fim ɗin. "Ba 'yan bindiga ke zuwa ba. Ƙanwata Lenlen, gwaggonmu ce ta zo mata da sabon takalmi, wai makaranta a Manila. Mama da kanta ta ɗaure mata kaya."

"To in ƙarya ne, me ya kawo ka?"

"Nan kaɗai ake maganar irinta a garin nan."

Daga ranar suka fara musayar saƙo.

"Mai tocila, kin ci abinci?"

"Na ci, ɗan layin ƙarshe. Kujerarka ta yi kewarka."

"Kujerar kawai?"

"Kada ka matsa mini."

Boyet, ɗan kansila da ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa Noy Doro labarin cewa Arnel, bakaniken nan da ke neman 'yarsa, yana kushe fim ɗin.

"Duk mai kushe shi yana bayan masu sayar da yara!" in ji Noy Doro. "Kada ya tako mini gida."

A gareji kuma abokan Arnel suka daina cin abinci da shi, wai tun da yana neman 'yar Noy Doro, ya koma wancan ɓangaren.

Ta rubuta masa: "Ka ce ya yi kyau kawai, masoyina. Kalma ɗaya."

Ya amsa: "In na faɗa, iyaye za su ci gaba da tsoron baƙo, suna buɗe wa gwaggo ƙofa. Ba zan iya ba."

Ta ɗauka ya fi son gardamarsa a kanta. Shi ya ɗauka kunyarsa take ji. Wayoyin suka yi shiru, ita kuma tana ta haska layin ƙarshe, ba kowa.

Rannan babanta zai fita rabon tikiti, ta ce, "Papa, akwai gidan da kake tsallakewa a bayan gareji."

Ya tarar da Nang Pilar, mahaifiyar Arnel, tana zuba shinkafa da gasasshen kifi. Su biyu ne a gidan, faranti uku.

"Baƙo kuke jira?"

"'Yata," ta ce. Ta ba shi labarin takalmin, ba kuka, kamar wadda ta gaji da kuka.

Noy Doro ya dubi tikitin da ke hannunsa, ya dubi kujerar da ba kowa a gaban faranti na uku, ya mayar da tikitin aljihu. Sannan ya juya ga Arnel.

"Har yanzu ina cewa fim ɗin ya farkar da mutane, yaro."

"Ni kuma ina cewa ya nuna musu ƙofar da ba ita ba, Noy."

"Taurin kai! Ranar Lahadi ku zo da mahaifiyarka, ku taho da abinci kamar yadda aka saba in za a nemi aure. A can ma ƙarasa musun."

Arnel ya kama hannunsa ya ɗora a goshi, yadda ake girmama manya.

Ba a samu Lenlen ba, ko da yake Noy Doro ya aika hotonta ga duk wanda ya sani a Manila. Ranar aure coci ya cika har waje, amma a layin gaba akwai wurin mutum ɗaya da ba kowa, kuma duk wanda ya nufe shi sai uban amarya ya tare shi.

"Da mai shi."

Nang Pilar ta haɗa hannun ango da na amarya a cikin nata. "Allah Ya cika muku gida da 'ya'ya," ta ce, "kuma kowanne ya dawo cin abinci."