Zafin da Ke Fita ta Baya

Randa ce kawai ta kai Albashir Argungu ran nan. Randar ƙasa, tsohuwa, mai gansakuka a gindi, wadda mahaifiyarsa Inna Hajaratu ta ce a ɗauko mata daga gidansu na bakin gulbi. Ba shi ta gaya wa ba. Albashir ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in kuma tana da magana sai ta bi ta bakin matarsa Rauda. To ta bakin Rauda saƙon ya zo: Inna ta ce ruwan firji yana sara mata haƙora, a taimaka mata da randarta.

Bazara ce, shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi, kuma zafin Birnin Kebbi ba sai an ba mutum labari ba. Kowa da dabararsa. Masu jiƙa zane su lulluɓa, masu kwana a tsakar gida, masu yayyafa wa tabarma ruwa kafin su kwanta. Albashir kuwa ya wuce wannan aji. Sabuwar jiha ta ɗaga shi daga ƙaramin akawu a Sakkwato ta ba shi ofis, ta ba shi mota Fijo, ta ba shi gida a Gwadangaji. Abin da ya fara saya shi ne iyakwandishan, esi in ji 'yan boko, aka fasa bangon ɗakin kwanansa aka cusa. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama. Ɗan masunta da ya tashi yana kwana kan yashin gulbi, shi ne yanzu yake cewa bai san yadda mutane suke rayuwa babu esi ba. A ɗaki esi, a ofis esi, a mota gilashi a rufe ruf.

Da Inna ta zo jinyar idonta, an ba ta ɗaki a cikin gida. Kwana biyu ta ce wa Rauda sanyin yana shiga mata ƙashi, a bar ta a ɗan ɗakin baya, wanda lungu siriri ya raba shi da babban gidan. Albashir bai hana ba. Gaskiyar magana ma daɗi ya ji, don abokan aikinsa sukan zo hira, kuma bai so su riƙa tarar da tsohuwa a ƙasa tana tauna goro, zanenta yana ƙamshin busasshen kifi. Tun da ta koma can bai taɓa taka lungun ba. Daga bakin ƙofar kicin yake gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri.

A Argungu, kawunsa Maigandi ne ya ɗaure randar cikin buhu ya sa masa a kujerar baya. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba.

"Tsaya ka yi salla tukun," in ji Maigandi. "Ba a bin hanyag ga da almuru."

"Zahi ya yi yawa, Kawu. Na yi ta gida."

Tsohon ya dube shi, ya dubi gilashin motar da ke rufe.

Hanya ta yi shiru. Ya wuce Ambursa, gari ya fara duhu, fadamar Zauro ta buɗe a gefensa, baƙi ƙirin inda aka ƙone karan shinkafa. Esin mota yana hura masa sanyi a fuska. Can gaba, daidai wata kwalbati, ya hango mace tsaye da goyo. Ta ɗaga hannu. Ba kaya a kanta, ba gari kusa.

Ƙafarsa ta ɗan sassauta. Sai ya tuna in ya tsaya sai ya sauke gilashi, sanyin da ya tara tun daga Argungu ya fice, ga ƙura, ga warin gumi. Ya kau da kai ya taka mota.

Bai yi nisa ba ya ji ruwa yana motsi.

Cakal. Cakal. Daga cikin randa.

Da idonsa ya ga Maigandi ya kife ta ya kakkaɓe kafin ya ɗaure. Ya ce a ransa ƙila kunnensa ne. Ya miƙa hannu zai ƙara sanyi, sai ya ji iskar da ke fitowa ta yi ɗumi. Ya murɗa. Ta ƙara zafi. Ya kashe gaba ɗaya, amma hucin bai tsaya ba, yana fitowa da wata ƙara da ya sani sarai, gurnanin nan na esin ɗakinsa. Wari ya cika motar, warin ƙarfe mai zafi da jiƙaƙƙen zane.

Ya kama hannun gilashi zai sauke. Ya ƙi juyawa.

Sai jariri ya yi tari a bayansa.

Bai waiga ba. Madubi ya duba. Matar nan mai goyo ce zaune kusa da randar, ta kwance goyon ta ɗora a cinya. Mayafi ya rufe fuskarta, hannunta ɗaya yana cikin randar har gwiwar hannu, ko da yake bakin buhun yana nan a ɗaure.

"Sannu, maƙwabci," ta ce a hankali.

Gumi ya shiga masa ido.

"Ba ka san mu ba, ko? Mu muna nan tun ba a aza tubalin gidanka ba. Kututturen tsamiyag ga da ac cikin lungu, nan muke. Anka sare muna itace, munka yi hanƙuri. Kaz zo ka hwasa bango, ka juyo muna da wuta."

"Ni... ban sa wuta ba," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Sanyin da kaka sha, ina kaka zaton zahinai ka tahiya?"

Ta ɗaga jaririn ta juyo da bayansa wajen madubi. Fatar ta saɓule, ja jawur, daga wuya har ƙugu.

Motar tana ta gudu. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ba ta rage ba. Ya taka birki, ya tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Sitiyari yana ƙona masa tafin hannu. Numfashi ya fara gagararsa.

"Ko ruwan zahi mutum za shi zubarwa, shikan ce bisimilla, mu janye ɗiyanmu," ta ce. "Kai dare da rana kana zuba muna, ba ka taɓa cewa ba."

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu. Farkonta ya ɓace masa.

"Yau niz zo in ƙare da kai. Amma akwai hakkin tsohuwa bisa kaina."

"Wace tsohuwa?"

Ya ji kunyar tambayar tun kafin ta gama fita daga bakinsa.

"Wadda ta haihe ka. Tagar ɗakinta na kallon bakin abin sanyin nan naka, shi ad dalilin da ba ta iya kwana ciki. Kullum in kat tada shi, sai ta hito ta zamna tsakaninai da kututturenmu, ta ba shi baya. Ta jiƙa zane ta shanya muna. Tana hwaɗin, ku yi hanƙuri, yaro na, bai sani ba." Ta gyara wa jaririn kwanciya a cinya. "Ka taɓa duba bayanta?"

Ya kau da ido daga madubin.

"Ba ka taɓa ba."

Sai ya ji ɗan ƙaramin hannu ya sauka a ƙeyarsa.

Kamar garwashi.

Ya buɗe baki, ihu bai fito ba. Fitilun mota suka haska ƙarfen wata kwalbati yana tahowa, bayansa ramin fadama. Ya runtse ido. Abin da ya zo bakinsa kawai ya faɗa.

"Bisimillahi."

Motar ta tsaya cak, injin ya mutu.

Shiru. Daga nesa, wajen Zauro, wani ladan da ya makara yana ƙarasa kiran salla. Gilashi ya sauka da murɗawa ɗaya, iskar fadama ta shigo da warin laka da toka. Tayar gaba tana leƙen rami. Ya daɗe kafin ya iya waigawa. Ba kowa a baya. Kujerar ta jiƙe sharkaf, buhun yana ɗaure yadda Maigandi ya ɗaure shi.

Da gilashi a buɗe ya ƙarasa Gwadangaji, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun daga ƙofar gida ya jiyo gurnanin esi, Rauda ta kunna masa kamar kullum don ya tarar da ɗaki da sanyi. Bai shiga falo ba. Ya zagaya ta baya, ya shiga lungun nan a karo na farko.

Huci ya buge shi a fuska, irin wanda ya baro a mota. Bangon ɗakin Inna da ke fuskantar injin ya yi baƙi, ya taɓa shi ya janye hannu. Ga kututturen tsamiya a gindin bango, an shanya jiƙaƙƙen zane a kansa. Ga Inna a kan 'yar kujera, ta ba injin baya, ta sauke mayafi zuwa ƙugu saboda ta ɗauka ba mai zuwa, tana yi wa kututturen fifita a hankali. Hasken tagar kicin ya faɗa a bayanta. Ƙuraje ne sun haɗe sun fashe, wasu sun bushe, wasu suna ruwa.

Kunya ta kama Albashir, irin wadda mutum yake so ƙasa ta tsage ya shige. Watanni yana kwana da bargo a bazara, yana yi wa abokan aiki dariyar masu kwana a waje, uwar da ta haife shi tana gasuwa taku kaɗan daga matashin kansa. Ya san ba za ta taɓa faɗa masa ba, ya kuma san da wannan shirun nata ya fake.

Ta ji motsi, ta ja mayafi da sauri ta juya fuska ga bango.

Ya shiga ɗaki ya finciko wayar esi daga bango. Gidan ya yi tsit, har ana jin kukan gyare. Ya dawo ya durƙusa a bakin lungu.

"Inna, ki gahurta mani."

Ba ta dube shi ba. Rauda ta fito da fitila tana tambayar lafiya, sai Inna ta yi magana da ita.

"Ce ma mai gidan nan shi tada abinai. Ya saba, ba shi iya kwana."

Wannan maganar ta fi hannun jaririn ƙuna. Ya sunkuyar da kai yana kuka, babban ma'aikaci da shi, gaban matarsa. Da ya sunkuya, hasken fitila ya faɗa a ƙeyarsa, Rauda ta ja numfashi. Shaidar yatsu biyar ce ƙanana, ta tashi ta yi ruwa.

Inna ta ga abin da Rauda ta gani. Ta sa aka shigo da randa, aka kwance buhu, aka tarar da ita cike da ruwa mai sanyi kamar na rijiya da asuba. Ta tsoma gefen mayafinta, ta matse. Sannan ta matso, ta ɗora a wuyan ɗanta, ta riƙe da tafin hannunta. Tun da aka yaye shi aka kai shi gidan kakarsa, bai san taɓin hannun nan ba sai ran nan.

"Sun yi mai da sauƙi," ta ce wa Rauda.

Washegari aka cire esi, aka toshe ramin da bulo. Albashir ya sa aka yi rumfar zana a tsakar gida, nan suke shimfiɗa tabarmi da dare har damina ta faɗi. Ƙurajen bayan Inna sun warke kafin idonta ya warke. Kututturen yana nan, ba wanda ya taɓa shi, kuma a gidan ko ruwan wanke shinkafa za a zubar sai an yi bisimilla.

Tabon bai ɓace ba. Duk ɗakin da Albashir ya shiga in da esi a kunne, yatsun nan biyar sai su ɗau zafi har ya fita. Abokan aiki suka sa masa suna Baƙauye, suna cewa an ba shi ofis mai sanyi ya buɗe taga yana fifita da fayil. Yakan yi murmushi ya bar su. Amma in ya ziyarci gidan wani ya ji gurnanin nan a bango, kafin ya zauna sai ya ce yana so ya kama ruwa, ya zagaya baya, ya duba wa aka ajiye a can.