Iska Ce Ta Kayar da Jirgin

Dab da magariba dutse na farko ya faɗo kan rufin gidan mai binciken hatsarin jiragen sama. Yana tsakar gida yana cire takalmi, matarsa tana kwashe shanya. Ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu a cikin falo ya faɗo, ƙofa da tagogi duk a rufe. Da ya ɗauka sai ya ji shi da zafi, yana warin man jirgi.

A ranar ne ya tsaya gaban 'yan jarida don bayyana abin da ya kayar da jirgin fasinjan da ya faɗi a daji. Ya san dalilin sarai. Shi da hannunsa ya tono ƙarfen da ke juya wutsiyar jirgin daga cikin toka, ya ga ya daɗe da cinyewa ba a sauya ba. To amma mai kamfanin jirgin surukin shugabansa ne. Sai ya gyara murya ya ce, "Iska ce."

Jifan bai tsaya ba. Sannan 'yarsu Auta ta daina cin abinci. Da rana ta yi ja sai ta juya fuska bango, ta riƙa wani gurnani mai tsawo irin na injin da ke mutuwa. Likita ya duba, bai ga komai ba.

Aka ɗauko wani malami tsoho. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har inuwa ta cika ɗakin. Can Auta ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ina mai binciken? Ni ce iskar. Me na yi maka?"



Malam ya ce, "Baiwar Allah, iska mai kaɗawa yake nufi, ba ke ba."

"Ita ma na tambaye ta. Ranar ko ganye bai motsa ba. A kan gidana ƙarfenku ya faɗo, ya ƙone min tsamiya, ban ce uffan ba. Yanzu kuma duk garin nan ni ake zagi."

"Me kike so ki rabu da yarinyar nan?"

"Ya cire sunana."

Mai binciken ya ce, "In faɗi gaskiyar ke nan? Korata za su yi."

Ta yi dariya da bakin 'yarsa. "Ina ruwana da gaskiyarku? Ka ɗora wa wanda ka ga dama. Ni dai ba ni ba ce."

Ya yi alkawari. Auta ta yi atishawa, ta kalli uwarta, ta ce yunwa take ji.

A bakin ƙofa malam ya tsaya yana neman takalminsa. Ya ce, "Ta bar maka zaɓi, ɗana. Ka duba da kyau."

Ya kuwa duba. Da safe ya sake tara 'yan jarida, ya ce sabon bayani ya nuna kuskuren matuƙi ne. Matuƙin yana cikin waɗanda suka mutu.

Gida ya yi lafiya, Auta ta koma makaranta. Matar matuƙin tana zuwa ofishin mai binciken lokaci-lokaci, goye da ɗanta, ta yi sallama ta zauna kan benci. Kullum sai a ce mata ya fita.