Sunan da Gara Ta Ci a Tarai

Ana gab da magariba Muhyiddeen ya hau babur daga Rano zuwa Tarai, zai mayar da littafi guda da ya aro. Da ya haƙura sai safe, da yau ba ni da abin ba ku labari.

Shekara biyu aka yi ana haɗa wani jagora a intanet, mai nuna wa ɗalibi wane littafi ke gidan wane malami a Rano da Kibiya. Muhyiddeen, ma'aikacin laburare, shi ne shugaba. Saudat, abokiyar aikinsa, ta buga sunayen littattafai har yatsunta suka kumbura. Bappa Hammadu ya yi ta jigilar janareta a amalanken shanunsa. Malam Shitu na Tarai kuwa ya buɗe ɗakin littattafan kakansa, bisa sharaɗi ɗaya: a sa kowa a shafin godiya, har da Mai Ɗaki.

"Wane ne kuma Mai Ɗaki, Malam?"

"Wanda ya hana gara cin takardun nan shekara ɗari. Ba ya son komai sai a ambace shi."

Muhyiddeen ya ce to. Amma da ya ji ƙishin-ƙishin ƙarin girma a ofis, sai ya ga shafin nan ya cika cunkoso. Ya share. Ya bar suna guda, da manyan baƙaƙe. Ba sai na faɗa muku na wa ba.

Da ya isa Tarai a ranar, ya tarar Malam ya tafi masallaci. Ƙofar ɗakin a buɗe. Ya shiga, ko sallama babu.

Warin tsohuwar fata ya tarye shi, wannan ya saba. Amma akwai ƙanshin ɗanyar tawada, a ɗakin da rabon a yi rubutu cikinsa tun kafin a haife shi. Can ƙurya alƙalamin kara yana tafiya a kan takarda. Ƙyas. Ƙyas.

Alƙalamin ya tsaya.

"Sannu da aiki, malam marubuci," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa. "Kai kaɗai ka yi?"

"Da... da taimakon jama'a."

"Na duba. Ban ga jama'a ba. Ko kana zaton intanet ɗin ba ma shiga?"

Ƙofa ta fara motsi a hankali.

"Ina Saudat?"

Yatsunsa goma suka sandare. Littafin ya faɗi.

"Ina Hammadu?"

Wani nauyi ya sauko masa a wuya, har da warin fetur. Ya durƙusa.

"Ina ni?"

Sai ya ji bango yana ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Gara ce. Tana fitowa ta kowace tsaga.

"Shekara ɗari ina riƙe da su. Yunwa suke ji. Littattafan ba su yi min komai ba."

Suka hau ƙafafunsa. Suka shiga aljihu, inda katin aikinsa yake.

"Faɗi sunanka, in sake ka. Ai kana sonsa."

Ya buɗe baki.

Babu.

Hasken ƙofa saura faɗin tafin hannu.

Wani hannu ya cafki wuyan rigarsa ya fizge shi waje. Malam Shitu ne, carbi a hannu, Ayatul Kursiyyu a baki. Ƙofa ta rufe garam, ta haɗa da takalmi ɗaya. Ba wanda ya koma ɗauka.

Bayan kwana uku sunan ya dawo bakinsa, da mahaifiyarsa ta yi ta kiransa. A rubuce kam bai dawo ba. Yana karanta Larabci da boko tiryan-tiryan, amma duk inda sunansa yake, sai ya ga rami irin na cin gara. Ya mayar da shafin godiya, har shanun Bappa ya lissafa. Bai yi magani ba.

Ran da takarda ta zo daga hedikwata, ya karanta har ƙarshe: an ƙara wa wani girma, amma gurbin sunan rami ne. Ya kai wa Saudat.

"Don Allah duba min, ni ne?"

Ta gyara tabarau, ta duba gaba, ta juya baya, ta miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, ai yatsuna ne suka yi aikin. Idona bai saba ganin suna ba."